Jan Bijimin Kara

Ranar wata Asabar da hantsi Rahinatu na zaune a tsakar gidansu a Wudil, laftof a cinya. Ummanta na tsintar shinkafa, ni kuma Kawu Tasi'u ina gefe ina jiran a sauke tukunya, kamar yadda ya dace da babban baƙo. Sai ga sallamar Ja'afar daga zaure, saurayin da aka riga aka sa musu rana.

Ta yafa mayafi ta fita da murmushi. Na bi bayanta na laɓe. Kada wani ya ce gulma ce, aikin kawu ne.

"Rahina, Baba ya fasa."

"Ya fasa me?"

"Auren. Ya ce in na ƙara tako ƙofar gidan nan bai yafe mini ba. Yau ma sallama na zo mu yi."

Ta dafa bango. "Inna lillahi! Ja'afar, me na yi?"

"Gem ɗinki na waya."

Rahinatu dai mastas take yi a fannin ƙirƙirar wasannin waya. Malamar da ke duba aikinta, Dakta Hannatu, ita ta ce mata ta bar kwaikwayon na wasu ƙasashe ta yi na garinsu. Sai ta tsara wasan da za ka koro shanu daga ƙauyukan Indabo, ka tsallake gada, ka kai su kasuwar Kara ranar Juma'a. A bakin kasuwar ta tsayar da wani dattijon dillali mai jar dara da sanda, yana ɗingishi. Kowa ya gani ya san Alhaji Gwadabe ne, mahaifin Ja'afar. Har muryarsa Ja'afar ya naɗo mata a ɓoye, yana cewa, "Albarka! Ƙara dai!" Wai karramawa ce za su nuna masa ranar biki. Ni da nake da gemun da ya fi na kowa tsari a Wudil, ko a cikin 'yan kallo ba a zana ni ba. Na bar su da Allah.

In mai wasa ya faɗi, wani jan bijimi ne ke tsinke igiya ya tunkuyi dattijon, hula ta yi sama. Ta ba 'yan ajinsu su gwada, daga nan waya ta ba waya, har ya cika gari. Abin da ba ta hango ba shi ne yara ba su damu da cin wasan ba. Da gangan suke faɗuwa don su ga hula ta tashi. A Juma'ar nan wasu samari suka yi ta ihu a Kara, "Alhaji, ga jan bijimi nan!" suna ƙyalƙyala dariya. Alhaji ya bar ciniki a tsakiya ya tafi gida, ya rufe ɗaki.

"Wallahi ba raini ba ne!" in ji ta. "Zane ne kawai, zan ba shi haƙu—"

"Kin san abin da ya sa shi ɗingishi?"

Ta girgiza kai.

"Ina da wa, Yahuza, ɗan farin Baba. Duk rayuwata na ɗauka zazzaɓi ne ya kashe shi. Jiya Inna ta gaya mini. Ina goye a lokacin. Jan bijimi ya ƙwace a Kara ya yi kan Baba, Yaya ya shiga tsakani. Baba ya tashi da karaya. Yaya bai tashi ba."

Rahinatu ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Kin san ɗan fari," ya ce. "Yana raye ma Baba bai taɓa kiran sunansa ba don kunya, balle bayan ransa. Ba a zancen a gidanmu. Mu kuma muka ɗauki ranar muka raba wa yaran gari."

Ya juya ya tafi yana share ido da hannun riga. Ranar nan shinkafar Umma haka ta huce a tukunya. Ko ni loma kaɗan na iya.

Kwanan kare aikinta a gaban malamai ya matso. Dakta Hannatu ta tausaya, ta ce, "Rahinatu, canza wa dattijon fuska da hula ki gabatar. Kada ki yi asarar shekara."

"Madam, wanda ke wayoyin yara fa? Ba a ƙwace wa yaro wasa, sai dai a ba shi wanda ya fi shi daɗi. Zan sake daga farko."

Ta janye aikin. Ƙawayenta suka gama suka sa rigar yaye, ita tana ɗaki tana ramewa. Wani malamin asibiti ya fito neman aurenta. Umma ta ce, "Ke har yaushe za ki jira mutanen da suka rufe miki ƙofa?"

"Umma, ba su suka rufe ba. Ni na fama musu ciwo."

Ja'afar bai saɓa wa mahaifinsa ba, ko saƙo bai aiko ba. In sun haɗu a hanya sai ya sunkuyar da kai, ita kuma ta tsallaka titi, ta iso gida da jan ido.

Ta fara zuwa gaida Inna Mairo, mahaifiyarsa, in Alhaji ya tafi kasuwa. Zuwan farko Inna ta juya mata baya. Ta koma. Ta sake komawa, ta durƙusa a bakin murhu har gwiwa ta yi sanyi. Sai da damina ta faɗi sannan wata rana Inna ta ce, "Tashi, 'yar nan. Me kike so?"

"Izini, Inna. Wancan karon ban tambayi kowa ba. Ina so in sa marigayi ɗanki a cikin sabon wasan, ba suna. In kin ce a'a, shi ke nan."

Inna ta gyara itacen murhu. "Gwanin igiya ne," ta ce. "Malafa yake sawa, ko da ba rana."

Sabon wasan ya fito bayan kaka, da tseren shanu da tsallaken kogi, yara suka goge tsohon wasan don yana cinye musu wuri a waya. Saura mai gayya. Wa zai tunkari Alhaji? Duk aka yi tsuru-tsuru. Sai ni, da Allah ya yi wa baiwar baki.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Muka gaisa, gida, iyali, kasuwa, gajiya. Na ce, "Alhaji, taimake ni. Wani ɗan maraƙi aka turo mini hotonsa a waya, idona ba ya gani, duba mini ko zai yi kiwo."

Ya karɓa, alhali sabon wasan ne na kunna masa. Da ya ga jar dara sai fuskarsa ta ɗaure. "Tasi'u! Ni za ka—"

Bai ƙarasa ba. Jan bijimi ya taso. Wani saurayi mai malafa ya fito daga gefe, ya wurga igiya, ya karkatar da shi, ya ɗaure a turke. Sannan ya karɓi sandar dattijon ya riƙe masa, suka hau gada tare suka nufi gida.

Alhaji bai motsa ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Wa ya ba ta izini?"

"Mai ɗakinka."

"Sake kunnawa."

Na sake. Ya kalla har suka ɓace a ƙarshen gadar. Ya miƙo mini wayar.

"Ya fi haka tsayi. Ya ɗara ni sosai. Ka ce wa 'yata ta gyara."

"'Yarka, Alhaji?"

"Ka ji ni sarai, maƙaryacin banza."

Ku ji fa, tukuicin da na samu ke nan!

Rahinatu ta ƙara masa tsayi a yammacin nan tana kuka. Ta kare aikinta, aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah.

Yarana masu ilimin zamani, kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Kafin ku ɗauki fuskar mutum ko muryarsa ku sa a aikinku, ku tambaye shi, don kowane gida akwai abin da aka yi shiru a kansa. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, ku durƙusa, ku gyara, ku jira. Haƙurin Rahinatu ya ci mata shekara guda, ya kuma ba ta gidan da ake kiranta 'ya.