Yajin Hansai

"Ajiye kwallar nan, Hansai! Mace ba ta mayar da kanta, biko ake zuwa!"

Inna Yelwa ce a bakin ƙofa, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Hansai ko ɗagowa ba ta yi ba. Atamfofi ta jera a ƙasan kwalla, baƙin saƙi ta naɗe shi daban a buhun takin zamani kada ya yi zuba, ta danna murfi ta ɗaure da igiya.

"Inna, yau motarsa za ta tashi..."

"Ta tashi mana! Ke ce direban?"

Tun farkon damina ta yo yaji daga Wudil zuwa gidansu a Achika. Mijin nata, Isyaku, kuɗi ya samu ya je ya sayo rediyo, alhali ɗakinsu na yoyo kamar rariya. Ta yi magana, ya ƙara murya. Ta fito.

To yaji ai da ƙa'idarsa. Zane biyu mace take ɗauka, ta bar na kirkin a ɗaki, miji ya gani ya san a zo a lallashe ta take nufi. Ita kuwa gwanar tattali, tsoron kada ruwa ya ruɓar mata da kaya, sai ta kwashe komai har ɗankwali.

Ta zauna jiran biko. Shiru!

Sai da safen nan wata mai kai nono kasuwa ta ce Isyaku ya haɗa kaya, Ikko zai tafi aikin sauke siminti. Kullum kuma Barakatu, bazawarar maƙwabta, tana aika masa fura.

"Abin kunya za ki ja mana!" in ji Inna.

"Kunyar ta zauna a nan ta taya ki hira, Inna. Ni mijina nake so."

Ta ɗora kwalla a ka, ta riƙe takalmi a hannu, ta faɗa cikin taɓo.

Da ta isa tashar Wudil, jiƙe take sharkaf. Ga Isyaku a gindin babbar mota, ga Barakatu ƙarƙashin lema tana miƙa masa ƙunshin dambun nama, har da karya wuya.

"Au! Masu saki reshe ne?" in ji Barakatu. "Ko takardarki kika zo karɓa?"

Hansai ta wuce ta kamar an kafa turmi.

"Malam... tafiya babu sallama?"

Ya kau da kai.

"Da wa zan yi sallamar? Na dawo na tarar da ɗaki wayam, Hansai! Ko tsumma ba ki bar min ba. Aka ce min kin gama da ni..."

"Wa ya ce?"

Barakatu ta shiga gyaran lema.

Hansai ta ce, "A ina zan bar kayan? Kan gadon da ruwa ke kwana? Kayana na tserar, ba kaina ba! Kullum ina zaure ina leƙen hanya kamar mai tallan da ba a saya..."

Ya kalle ta, ruwa na bin fuskarsa. Wai ruwan sama ne.

"Hansatuna... da na sani ko da rarrafe da na zo. Amma na riga na karɓi aikin nan."

"To karɓi wannan ma, wuyana ya gaji."

"Ikko fa! Da nisa, kuma an ce can ruwan ya fi nan."

"Na ɗaure su da kyau. Ɗora!"

Ya ɗora kwallar, ya kama hannunta a gaban kowa ya haye da ita. 'Yan kamasho suka sa ihu.

Dambun Barakatu kuwa, kafin Zariya sun cinye shi su biyu. Hansai ta ce gishiri ya yi yawa.