Sakan Arba'in na Kaset ɗin Kaka

"Kaset ɗin kakarki kika kai gidan rawa?"

"Sakan arba'in fa na gutsura, Mama, na ɗora wani kiɗan a kai. Haka aikin yake."

"Haka aikin yake," Adja Rokhaya ta maimaita ta hanci. "Kiɗan da ake kiran mutanen ruwa da shi can garinmu Yoff! Ke da Allah, Daba."

Seynabou, babbar 'yar, tana wanke kifi. Ƙanwarta Daba dije ce, mai saka wa masu rawa kiɗa. Duk Asabar ita ke riƙe da daren kiɗan Afirka a wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwan Le Havre, kuma a sana'arsu abin kunya ne ka bar waƙa ta kai ƙarshe.

Magariba ta faɗo tun ƙarfe biyar. Sai tsakuwa ta bugi taga. A hawa na tara suke. Seynabou ta buɗe ta ɗauko ta, jiƙe sharkaf, tana ƙarnin teku. Can bututun ɗumama ɗaki ya soma bugawa, bugun ganga sak, ya hau, ya hau, ya yanke.

Daba ta ce, "Wallahi ni ban..."

Ba ta ƙarasa ba. Kwana tara ba ta ƙarasa komai ba. Loma takan tsaya mata tsakanin kwano da baki. Ta kai ruku'u ta ƙame a nan. Kullum da magariba tsakuwa ta zo, bututu ya buga ya yanke, su kuwa har sun daina firgita. Seynabou takan share tsakuwar ta zuba a gwangwanin tumatir, uwar ta ƙura wa talabijin ido ba sauti. A rana ta tara numfashin Daba ma ya fara tsayawa a rabi, sai an dafa bayanta.

Serigne Madické, malamin da uwar ta kirawo, ya iso yana haki, don lif, na'urar hawa benen, ya lalace. Ya jingine lema, ya zauna, ya yi ta karatu a hankali har taga ta yi baƙi. Sai bakin Daba ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, mai kaushi kamar yashi.

"Kai mai lema, rage murya. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin yarinya?"

"Ni na neme ta? Shekara talatin ba wanda ya tuna da ni. Rannan na ji gangata, mutum ɗari uku suna tsalle, gumi kamar ranar suna. Na ɗaura zane, na ƙetaro teku cikin wannan sanyi, na sa ƙafa ɗaya a fili, sai 'yar nan ta yanke, ta saka wani mai kuka ta hanci. Ƙafata tana sama har yanzu."

"A ba ki haƙuri."

"A yanka min baƙin sa a nan."

"Baiwar Allah, hawa tara ne. Ni ma da kyar na hau."

Bututu ya yi ƙas sau ɗaya.

"To a sa min kiɗana a inda aka kira ni. Gefe biyun kaset ɗin, kada a taɓa."

"Gefe ɗaya. Ki sauke ƙafarki ki koma gida."

"Ɗaya," in ji muryar. "Yaran yanzu ba kunya."

Ranar Asabar Seynabou ta raka Daba gidan rawar, ta tsaya a bayanta riƙe da hannayenta biyu, don yatsun sai zillo suke su kai ga maɓalli. Minti arba'in da biyar na ganga da shashshakar tsohon kaset, har da tarin Kaka a ciki. Masu rawa suka yi rawa, suka gaji, suka kalli juna, suka tafi neman rigunan sanyinsu. Da kaset ya yi ƙas ya tsaya, wata iska mai gishiri ta bi ta tsakiyar filin ta fice.

Da safe Daba ta cinye burodinta tas, ta ce, "Mai wurin ya ce kada in sake zuwa, har abada." Tun daga farko har ƙarshe ta faɗe shi. Ba wanda ya yi murna, ba wanda ya yi kuka.

Seynabou ta juya kaset ɗin a hannu. "Mama, in ta dawo neman ɗaya gefen fa?"

Adja Rokhaya ba ta ɗauke ido daga talabijin ba.

"Sai ku ce mata lif ya lalace."