Motar da Ke Mutuwa da Almuru

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da motar ta sake mutuwa. Bakaniken yana sunkuye a kan injin, kunnensa kusa da kafireto, yana jin ta tana aiki sumul kamar sabuwa. Sai ta yi tari sau ɗaya, ta yi tsit. Shiru ya cika rumfar da ke bayan gidan, har yana jin ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa.

Tsohuwar mota ce ja mai kujera biyu, irin gajerun nan da aka ƙera don gudu. Ta ɗansa ce. Saurayin ya saye ta a lalace, yana cewa shi da babansa za su tashe ta, amma ciwo ya ɗauke shi kafin su kwance ko noti ɗaya. Ta yi shekaru a wani kango a bayan gari, lulluɓe da tamfol, ciyawa ta cinye tayoyinta. Da bakaniken ya tsufa ya bar gareji, sai ya sa aka jawo masa ita gida. Matarsa ta riga ɗan nasu rasuwa. Gidan ya rage daga shi sai 'yarsa, wadda kowa ke kira Auta, budurwa mai ɗinki a falo. Takan ajiye masa abinci a bakin rumfa, ta dawo ta ɗauki kwanon ya huce. Gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ciwon motar ba irin wanda ke tsayawa a gan shi ba ne. Da safe bugu ɗaya take tashi, ya zaga unguwa da ita lafiya lau. Wata rana ta wuni tana aiki, wata rana kuma ta ɗauke yana tsaka da tafiya, ta ƙi tashi sai ta ga dama. Ya canza fulogi. Ya sauke tanki ya wanke tsatsar da ke ciki. Ya zargi koyil, don ya san akwai wanda sai ya yi zafi yake yanke wuta, ya sa wani. Duk a banza. Abu ɗaya ya lura da shi: ta fi mutuwa da yamma.

Yammacin nan, kamar kullum, ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya dafa sitiyari.

"Faɗa mini abin da ke damunki mana," ya ce a hankali. "Ni da ke ne kawai a nan."

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rumfar. Ta gangara ta tsaya. Wata ta biyo ta. Ya fito ya leƙa bayan katanga, ya ga lungun wayam, ko kare babu. Yana komawa ciki aka ci gaba da jifan, ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

Haka aka yi kwanaki. Da rana ta sunkuya jifa zai fara, da an idar da sallar magariba ya daina. Auta ta daina rera waƙa a kan keken ɗinkinta. Wata yamma ta tare shi a ƙofar kicin.

"Baba, akwai mai magana a rumfa idan ka tafi masallaci."

"Rediyon maƙwabta ne."

"Muryar tsohuwa ce. Abin da kake faɗa wa motar take maimaitawa."

Ya wuce ya rufe bonet, ya zare makulli ya sa a aljihu.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya tarar falo babu kowa, zare a jikin allura, fitila a kashe. A rumfa ya same ta, zaune a kujerar gefen direba, hannuwanta a kan cinya, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa. Ya kira ta, ba ta juyo ba. Da ya taɓa kafaɗarta ya ji ta yi sanyi kamar randa. Leɓunanta suka motsa, wata murya ta fito, busasshiya, mai shekaru.

"Ka ce a faɗa maka. Ga ni na zo, kai kuma kana ja da baya."

Da ƙyar ya cicciɓe ta ya kai ɗaki. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta kuma ƙara cewa uffan ba.

Akwai wani malami a ƙarshen layinsu, dattijo mai sanyin magana, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya saurari bakaniken har ya gama, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin rumfa aka zaunar da Auta. Ya soma karatu. Muryarsa ba ta tashi sama ba, tana tafiya dai a hankali, inuwar katanga tana tsawo tana rufe tsakar gida. Can jikin yarinyar ya fara karkarwa, ta toshe kunnuwa, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gidan da aka jawo da igiya."

"Motar kike nufi?"

"Kangon da aka jawo ta daga ciki namu ne tun kafin a yi hanya. 'Yan'uwana duk sun tashi da aka sare bishiyoyi, ni tsufa ya hana ni bin su. Na samu inuwa a ƙarƙashin tamfol na zauna. Shekara da shekaru ban ji an yi mini magana ba. Sai wannan ya kawo ni nan, kullum yana tambayata abin da ke damuna."

Bakaniken ya ce, "Da motar nake."

"Na sani yanzu," in ji muryar. "Da ban sani ba."

Malam ya ce, "To me ya sa kike kashe masa ita?"

"In tana aiki ba ya magana, sauraronta yake. Sai ta mutu yake buɗe baki. Amma kada a ɗora mini duka. Wani lokacin ita ce da ciwonta."

"Mene ne ciwon nata?" Tambayar ta kuɓuce wa bakaniken kafin ya ankara.

"Ina zan sani? Ni bakanikiya ce?"

Malam ya ɗan murmusa, sannan fuskarsa ta koma yadda take. "Yarinyar fa? Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. A buɗe na same ta, kamar ɗakin da aka manta da shi. Ita ma babu mai tambayarta."

Bakaniken ya sunkuyar da kai.

"Wannan zalunci ne, kin kuma sani," in ji Malam. "Za ki fita."

"A bar mini ita, zan kula da ita."

"Ba za a bar miki ba."

"To a bar mini motar."

"Gadon ɗansa ce. Ba taki ba ce."

Muryar ta yi ƙasa sosai.

"Na ji labarin 'yan'uwana suna wajen duwatsun da ke bayan tsohuwar gada. Ƙafata ba za ta kai ni ba. In zai kai ni, zan sauka a can."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka cewa ba za ta dawo ba, ta rantse. Ya ci gaba da karatu. Auta ta yi atishawa, ƙafarta ta hagu ta miƙe ta saki, ta zube a jikin mahaifinta. A cikin rumfa motar ta ɗan nutsa gefe guda, kamar wani ya shiga ya zauna.

Washegari da hantsi Auta ta farka garau, ta sha ruwa, ta ce sai ta bi shi. Ya hana, ta ce ba za ta zauna ita kaɗai a gidan ba. Malam ya ce a bar ta, ya koya musu addu'ar da za su riƙe. Da rana ta yi sanyi suka kama hanya. Wani sanyi na busowa daga bayan kujeru duk da gilasai a rufe suke. Suna wuce gadar, duwatsun suka bayyana, injin ya mutu da kansa, motar ta gangara gefen titi ta tsaya. Bakaniken ya fita ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe. Ciyawa ta kwanta a layi ɗaya, daga bakin titi har gindin duwatsu, sannan ta miƙe. Ya tsaya yana kallon wurin fiye da yadda ya kamata.

"Allah Ya sada ki da su," ya ce.

Bugu ɗaya motar ta tashi. Sun yi nisa a hanyar dawowa, gari ya fara duhu, sai suka faɗa wani rami, motar ta yi tari ta ɗauke. Auta ta damƙe hannunsa.

"Baba, ta dawo?"

Ya saurara. Babu sanyi, babu komai, sai kukan tsuntsaye masu komawa sheƙa. Ya murɗa makulli rabi, ya kasa kunne, bai ji ƙugin famfon mai ba.

"Haska mini da wayarki," ya ce.

Ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashin motar, ita kuma ta durƙusa tana haska masa. Ya kama wayar wutar da ke zuwa famfon ya girgiza, famfon ya yi ƙugi ya yi shiru. A waje robar lafiya lau take, amma a ciki wayar ta karye, tana haɗuwa tana rabuwa. Ya fere ta da wuƙa, ya murɗe, ya naɗe. Da ya fito duk bayansa ƙasa ne, Auta ta kakkaɓe masa.

Suka shiga, ya tayar, injin ya kama aiki. Ta shafa gaban motar da tafin hannu.

"Baba, Yaya ya taɓa tuƙa ta kuwa?"

Tun rasuwar babu wanda ya ambace shi a gidan.

"Bai taɓa ba. Ranar da ya saye ta, turo ta suka yi shi da abokansa, yana ciki yana yin ƙarar injin da baki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a kafaɗarsa.

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Akwai saura da yawa," ya ce.

Ya kunna fitilun gaba, amma bai sa giya ba. Ya gyara zama, ya soma ba ta labari daga farko.