Filon da Na Sa Masa a Cinya

"Kashe shi!"

Ban kashe ba.

"Maman Bebi, na ce ki kashe bidiyon nan. Ko so kike in yi ta kallon abin da na koma?"

A fuskar lafto, sojan mijina na cikin wasan harbi yana tafiya yana ƙamewa. Ya ɗaga bindiga a bakin gada, hoto ya tsaya cak, kafin ya dawo an riga an kwantar da shi. Mijina ya juya fuska bango, ya tura hannayensa ƙarƙashin bargo kamar wanda ya yi sata da su.

Wata biyar ke nan da likita ya kira ni baranda ya ce ciwonsa ya bi jini. Kafin nan, shekara shida yana jagorantar ƙungiyarsu ta mutum huɗu a wasan intanet, Kyaftin suke ce masa. Yanzu burinsa ɗaya ne: ya ɗauki wasa guda mai kyau ya ajiye wa Bebi, 'yarmu mai wata goma sha ɗaya.

"In ta girma ta ga ubanta yana wani abu ban da kwanciya," haka ya ce min.

Sau tara muna ɗauka. Sau tara hoton na tsinkewa.

Wayarsa ta yi ƙara, saƙon murya daga Dogo, mataimakinsa da ya daɗe yana hararar kujerar.

"Kyaftin, wallahi tausayinka muke ji... hannun ne ya tafi, kowa ya gani. Wasan ranar Asabar ka huta, ni zan ja yaran."

Bai tsaya nan ba, sai da ya je ya samu Umma, mahaifiyar mijina. Da rana sai ga ta, ko zama ba ta yi ba.

"Ke da ya kamata ki hana shi, ke ce mai kunna masa! Ɗan ƙarfin da ya rage masa a harbe-harben banza zai ƙare? In na dawo Asabar na tarar da injin nan, da shi zan tafi."

"Umma, ki yi haƙuri..."

"Haƙurin da nake yi ya fi naki. Ni na haife shi."

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

Washegari na goya Bebi, na kai lafton shagon mai gyara. Dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare. Ya ɗora shi a teburinsa, ya jona caja, ya kunna wasan da manhajar ɗauka, sannan ya fito da wata ƙaramar lamba a kusurwa.

"Wannan ita ke ƙirga hotunan da ke wucewa a daƙiƙa. Kin gani? Sittin. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma."

"A gida tsinkewa yake, Baba."

"A kan me kuke ɗora shi?"

"A kan... filo. Zafinsa na ƙona masa cinya, ga shi babu nama a jikinsa yanzu. Shi ne nake sa masa filo da bargo."

Ya kifa lafton, ya nuna min ramukan da ke ƙasansa.

"Ta nan yake numfashi, 'yata. Kin toshe masa hanci. In ya yi zafi sai ya rage gudu don kada ya ƙone. Caja fa?"

Tun ranar da na kama Bebi da waya a baki nake kashe soket ɗin bayan gado. Cajar tana jone, amma babu wuta a cikinta, batir yake ci, shi ya sa yake ja da baya. Ban taɓa faɗa wa mijina ba.

A shagon na fashe da kuka, Bebi ta taya ni.

Dattijon ya rage girman hoton da ake ɗauka, ya mayar da aikin ɗaukar kan katin hoto, wato sashen injin da ke kula da hotuna, ya rufe tarkacen manhajojin da ke tashi da kansu.

"Ki ɗora shi a abu mai tauri, iska ta bi ta ƙasa. Je ki, yarinya na kuka."

Da na koma, na durƙusa a gefen gado.

"Baban Bebi, ba hannunka ba ne. Ni ce."

Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallona, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake, irin wadda ke ƙarewa da tari.

"Filo! Ni da nake koya wa mutane wannan... Na riga na yanke wa jikina hukunci, ko duba injin ban yi ba."

"Ka yafe min. Mako uku na cinye maka."

"Zo nan, tawa." Ya kama yatsuna ya ɗora a kumatunsa. "Kin kare cinyata, kin kare 'yata. Wanne zan yafe?"

Asabar da safe na ɗauko tiren kicin, na sa murafun kwalba huɗu a kai, lafto ya zauna a sama. Na kunna soket, na rungume Bebi nesa da waya.

"Dogo, koma bayana," ya ce a makirfo. "Ban mutu ba tukuna."

Ana tsakiyar wasa Umma ta shigo da jakar da za ta sa injin. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗanta na zaune a miƙe, yana ba da umarni da muryar da ta rabu da ji tun kafin asibiti.

Lambar kusurwa ba ta sauka daga sittin ba.

Ba su ci ba, na biyu suka zo. Amma a minti na sha huɗu ya tsallake gadar nan shi kaɗai, ya ɗauko sojan Dogo da aka harbe, sannan ya juyo gare mu yana haki.

"Bebi! Kin ga Babanki?"

Umma ta fita da jakarta wayam.

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya.

Yanzu Bebi ta shekara uku. Duk ranar da Umma ta zo, ita ke jan hannunta zuwa ɗaki. "Kaka, Baba! A kunna Baba!"

Jiya na ɗauko lafton, hankalina na wani wuri, na ajiye shi a kan katifa. Umma ta miƙa hannu ta ɗaga shi da sauri.

"Ina tiren?" ta ce. "Kada ya yi zafi, muryarsa ta tsinke."