Daren da Fankokin Suka Tsaya

Sirajo ya roƙi amininsa Zayyanu ya kwana masa a ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin kamfaninsu suke a Gwadangaji, wai za shi Argungu.

"Gudun fankoki kawai za ka duba a allon kwamfuta, aboki. In an kira sunanka ka amsa, injiniyanmu ne."

Bayan isha'i, lambobin fankokin suka sauka har sifili, amma wata iska mai warin laka tana kaɗa rigarsa.

"Zayyanu."

Kakar Zayyanu ta hana shi amsa kiran dare, amma ai Sirajo ba zai cuce shi ba.

"Na'am."

Muryar ta matso kunnensa, babu motsin ƙafa. "Madalla. Wata ukku ina kiran Sirajo, ya ƙiya. Yac ce in yi haƙuri, zai kawo min mai amsawa."