Makullin Yana Aljihun Ilinca

Da la'asar sakaliya suka kama hanyar da ke hawa duwatsun Făgăraș, cikin farar motar da suka ɗauko haya a garin Sibiu. Kwana huɗu ke nan da aurensu. Horia ke tuƙi, Ilinca tana satar kallon gefen fuskarsa kamar yadda ta saba tun suna makaranta. Makullin motar yana aljihun rigar sanyinta. Ita ce ta tsaya ta saurari mai ba da hayar: motar ba ta tashi sai makullin yana cikinta, in kuma yana kusa da ita, duk wanda ya taɓa hannun ƙofa za ta buɗe masa.

Beyar suka fito gani, manyan namun dajin nan masu gashi da kan iya miƙewa a kan ƙafa biyu. Da yamma suke saukowa bakin titi, su zauna jiran abin da matafiya za su jefa musu.

A gindin dutsen suka sayi tuffa wurin wata tsohuwa.

"Na Tsoho Martin ne?" ta tambaya, don mutanen dutse ba sa kama sunan beyar. "Ɗana, kada ka ba shi. In kuwa ka miƙa, to ka saki. Da can mutum ne, kuma yana da riƙo."

"To Kaka, zan gaishe miki da tsohon saurayinki," in ji Horia.

A wata kwana mai duhun itatuwa suka tarar da ɗan beyar, shi kaɗai. Horia ya kashe mota, ya sauke gilashi, ya miƙa tuffa. Ɗan ya taso, ya ɗora hannu a bakin tagar. Sai Horia ya janye tuffar, ya ɗaga gilashin har ya datse masa yatsu.

Kukan irin na jariri ne sak.

"Horia, don Allah sake shi."

"Haba amarya, bari in gama ɗaukar bidiyo. Duniya za ta kalli wannan."

Da ya sake shi, ɗan ya shige daji yana ɗingishi. Jini ya bi gilashin.

"Saura ke," in ji Horia. "Fita ki tsaya can da tuffa, hoto ɗaya tak."

Ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ta fita. Tana rufe ƙofa ta ji ƙit, ya kulle daga ciki. Ya ɗaga waya yana dariya.

"Matsoraciya, yi murmushi mana. In uwarsa ta zo ki ba ta haƙuri."

Ta kai hannu za ta buɗe, sai ta lura tsuntsaye sun yi shiru. Wani wari ya taso daga bayanta, na jiƙaƙƙen gashi, haɗe da hayaƙin taba irin na tsofaffin makiyaya. Busassun ganye suka fara karyewa.

Takun ƙafa biyu ne, ba huɗu ba.

Numfashi mai zafi ya sauka a wuyanta. Ba ta waiwaya ba. Ta miƙa tuffar gefe, ta buɗe tafin hannu.

Yatsu suka ɗauka, a hankali.

"Ke kin saki," in ji wata murya ta tsoho, ƙasa-ƙasa.

Abin ya wuce ta, a tsaye kamar mutum, ya nufi ƙofar direba. Wayar ta suɓuce daga hannun Horia. Ya danna maɓallin tayar da mota. Shiru. Ya sake dannawa. Sannan ya dubi aljihunta, ya gane.

"Ilinca," ya ce, bakinsa a jikin gilashi. "Masoyiyata, ki yi nisa da motar. Ki matsa."

In ta ja da baya taku biyar da makullin, ya isa. Ƙofar ba za ta buɗu ba.

Ta dubi jinin da ke gilashin. Ta dubi ƙofar da ya kulle mata.

Ba ta motsa ba.

Baƙin hannu ya sauka a kan hannun ƙofar.

Ƙit.

Sai a lokacin ta ruga. Wata motar ɗaukar katako ce ta tsince ta a ƙasan dutsen, ba takalmi a ƙafarta. Masu nema sun sami farar motar a buɗe, da wayar, ba Horia.

Da shekara ta zagayo, Ilinca ta sake ɗaukar hayar mota, ita kaɗai. A kwanar nan wani ramammen beyar yana zaune. Bai kula sauran motoci ba, tata ya nufa. Ta sauke gilashi. Ya ɗora hannun hagu a bakin tagar, yatsa ɗaya da zagayen da gashi bai fito ba, daidai wurin zobe. Ya dube ta, idanunsa na zubar da ruwa.

"Yi murmushi mana," ta ce masa a hankali.

Ta miƙa tuffa. Ɗaya hannun ta ɗora a kan maɓallin gilashi.