Sa Hannun Nana Odessa

"Kalli nan, Cedric! Kalla da kyau, ka ce min ba kicin ɗin Nana ba ne wannan!"

Renita ta dangwara wayar a gaban farantinsa har romon ganye ya fantsama a kan ƙyallen tebur.

Lahadi ce, an dawo daga coci. Soyayyiyar kaza da makaroni mai cuku na ta tururi, amma babu wanda ya ƙara kai cokali baki.

Cedric, saurayinta, ya ɗauki wayar a hankali. Talla ce a shafin masu sayen gidaje. Gida mai hawa uku a arewacin Philadelphia, dala dubu ɗari da sittin, kuɗi hannu. Ga matakala. Ga rufin da ke yoyo. Ga kicin, har da tukunyar Nana a kan murhu.

"Bebi, a ina kika..."

"Kar ka ce min bebi! Hotunanka ne ko ba naka ba ne?"

Ya ajiye wayar.

"Nawa ne. Ranar da na zo auna rufin na ɗauke su. Amma wallahi ban..."

Shavonne, 'yar kawun Renita, ta saki wata siririyar dariya tana goge jan farcenta.

"Ni dai tun farko na faɗa. Don mutum ya ɗaura taye ya zauna a bencin gaba na coci, sai a manta sana'arsa?"

Maganar ta soki Renita, don gaskiya ce. Shekara biyu da suka wuce, Cedric yana cikin masu zagaya unguwa a mota suna rubuta duk gidan da fentinsa ya ɓare, su kai wa dillalai. A bakin ƙofar nan ta fara ganinsa, da kati a hannu. Da tsintsiya ta kore shi. Bayan mako guda ya dawo babu kati, ya ce ya bar aikin, ya koma kafinta. Ta yarda. Kakarta kuwa ba ta taɓa sakin jiki da shi ba.

"Nana, ki ce wani abu mana!" Renita ta juya. "Ai ba su isa su tallata gidan da ba ki sayar ba!"

Nana Odessa ba ta ɗago ba.

Cedric ya ƙura mata ido.

"Mis Odessa... kin sa hannu a wata takarda?"

"Fita min daga gida."

"Don Allah ki..."

"Na ce fita!"

Ya dubi Renita. Ta kawar da kai, hawaye na gangarowa. Sai ƙarar rufe ƙofa kawai ta ji.

*

Washegari da safe ta gano takardar, a ninke cikin Littafi Mai Tsarki na Nana.

Takardar sayar da gida ce, a kan dala dubu saba'in. Gidan da marigayi Kaka Wendell ya yi shekara talatin yana tuƙa bas kafin ya zama nasu!

"Nana! Me kika yi?"

Tsohuwar ta zauna a bakin gado ta rufe fuska.

"Wani Mista Pruitt ne, 'yar nan. Mai ladabi, da kwat ɗinsa. Ya nuna min hotunan rufin, ya ce hukuma na zuwa ta rufe gidan, a watso mana kaya titi. Ya ce in na sayar masa, ko ba komai na fita da mutuncina."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In ce miki me? In ce na tsufa na zama sakarya?"

"A ina ya samu hotunan?"

"Ya ce wani na gida ne ya turo shi, mai son mu da alheri."

Wani na gida...

Renita ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ta tuna yadda Cedric ya bi ɗaki ɗaki da wayarsa yana murmushi. Ta tuna ya taɓa tambayarta sunan wa ke kan takardar gidan. A lokacin ta ɗauka kulawa ce.

Ashe lissafi yake?

Da rana ta fito daga asibitin haƙori inda take aiki, sai ga shi a tashar bas, wandonsa duk garin katako.

"Minti biyu, Renita."

"Ko daƙiƙa ba ka da ita a wurina."

"To kar ki saurare ni. Faɗa min kwanan watan da ke kan takardar kawai."

Ta tsaya cak.

"Wa ya ce maka akwai takarda?"

"Na yi aikin nan, na san shi. Ba gida suke saye ba, masoyiyata, sa hannu suke saye. Ko dala ɗaya ta gidan Pruitt ba zai fitar daga aljihunsa ba. Takardar zai sayar wa wani, ya kwashe abin da ke tsakani. Tsoro da kunya su ne jarinsa."

"Lallai ka iya karatun. Nawa ya ba ka?"

Fuskarsa ta canza, amma bai ɗaga murya ba.

"An yi sabuwar doka. Mai gida na da kwana talatin ya janye daga irin wannan ciniki. Kwana nawa yau?"

Ba ta so ta lissafa ba, zuciyarta ce ta yi da kanta.

"Ashirin da bakwai."

"Alhamis ke nan."

"Me zai sa in yarda da kai? Wa ya sani ko wani tarkon ne?"

"Kar ki yarda. Je ki ofishin lauyoyin da ke taimaka wa tsofaffi kyauta, ki tambaya da bakinki."

"Hotunan fa? Wa ka ba?"

"In na faɗa, cewa za ki yi sharri ne. Gara ki gani da idonki."

Bas ta iso. Ta shige ba ta waiwaya ba. Amma ba gida ta nufa ba.

Lauyar, wata mai furfura da gilashi a kan hanci, ta karanta takardar sau biyu ta ja tsaki. Haka dokar take, in ji ta. Ta buga wasiƙar janyewa nan take. Saura abu ɗaya: sa hannun mai gida.

Nan aka sha daga.

"Ba zan sa ba," in ji Nana, tana yanka albasa ba ta ko kallon takardar. "Na riƙe hannun mutumin nan na ce na yarda. Shekarata saba'in da tara, ban taɓa lashe maganata ba."

"Nana, cutar ki ya yi!"

"Ke kika sani? In hukuma ta zo fa? Ke za ki tsaya a ƙofa? Kuma wa ya aike ki wurin lauya, ba wancan yaron ba?"

Renita ta ninke wasiƙar ta sa a aljihu.

Ta fita baranda ta daɗe tana kallon lambar Cedric a wayarta. Idan shi ne macucin, za ta miƙa masa wuƙar da hannunta. Idan ba shi ba ne...

Ta danna.

"Ta ƙi."

"Na san za ta ƙi," ya ce. "Ji nan. Mai saye ba ya biya sai ya ga cikin gida, kuma ba sa kawo shi sai sun tabbata tsohuwar ba ta nan. Yaushe Mis Odessa ke fita?"

"Laraba da hantsi, taron addu'ar mata."

"Na kira lambar da ke kan tallar da sunan mai saye. Laraba ƙarfe sha ɗaya suka ba ni. Ban ce musu komai game da addu'a ba, Renita. Su suka zaɓi lokacin."

Ya ƙara da cewa:

"Ki hana ta fita. Ku zauna a sama, ku yi shiru."

*

Ranar Laraba sai da Renita ta yi kuka kafin Nana ta yarda ta zauna. Ta riga ta sa hular cocinta mai shuɗin fure, ta ƙi cirewa. Suka zauna a saman matakala, inda duhu ya ɓoye su.

Sha ɗaya saura kwata, makulli ya juya a ƙofa.

Makulli! Mutum uku ne kawai ke da shi. Renita ta shiga tunani. Ta taɓa ara wa Cedric nata kuwa? Ta taɓa... ko ba ta taɓa ba?

"Shigo, ba kowa. Tana can tana yi wa duniya addu'a."

Muryar mace ce.

Nana ta damƙe hannun Renita har ƙashi.

"Kin tabbata ba ta san da zancen kwana talatin ba?" muryar namiji ta tambaya.

"Ta sani a ina? Ba kai ka cire shafin da ke bayaninsa daga takardar ba?" Shavonne ta ƙyalƙyale da dariya. "Har yanzu leƙen taga take, wai ko hukuma ta iso."

"Hukuma! Rufin da kafinta zai gyara a kwana uku. Tsofaffin nan, da ka ambaci hukuma sai gwiwa ta saki. Ita ɗayar jikar fa?"

"Gimbiya Renita? Ta kori saurayinta, ta ɗauka shi ne. Ni ko na ce masa wani asusun coci ne zai biya gyaran, ya turo min hotunan har da godiya. Bari ya gama jinyar zuciya, ni zan lallashe shi. Dama bai dace da ita ba."

Renita ta toshe bakinta da tafin hannu.

Nana ta miƙa hannu ba tare da ta dube ta ba.

"Ba ni biro," ta raɗa.

Renita ta miƙa mata biro da wasiƙar janyewar, a kan gwiwarta ta sa hannu.

Aka danna ƙararrawa. Pruitt ya gyara kwat ya buɗe da fara'a.

"Barka da zuwa, yallaɓai, kai ne mai..."

"Ni ne," in ji Cedric. Ya leƙa ta kafaɗarsa. "Sannu, Shavonne. Ya asusun coci?"

Jakarta ta faɗi ƙasa.

Sai ga takun Nana, ɗaya bayan ɗaya, tana dafe da ƙarfen matakala.

"Mis Odessa!" Pruitt ya washe baki. "Ai na ɗauka kina..."

"Addu'ar ce ta dawo da ni." Ta manna masa wasiƙar a ƙirji. "Na janye."

"Ba a haka, uwata. Kin yi min alkawari. Mace irinki ba ta..."

"Mutumin kirki na yi wa alkawari. Ban gan shi a ɗakin nan ba."

"Zan kai ki kotu!"

Renita ta sauko tana ɗaga waya.

"Bismillah. Na tura wa lauya hoton wasiƙar yanzun nan, yau kuma za ta aika maka ta gidan waya. Ta ce in tambaye ka lambar lasisinka, don ba ta gan ta a takardar ba. Da shafin da ka cire."

Pruitt ya cusa wasiƙar a aljihu. Ya raɓa ta gefen Cedric ya fice, ko sallama babu.

Shavonne ta fashe da kuka.

"Nana, kowa ya san ita za ki bar wa gidan! Ni fa? Ni ba jikarki ba ce? Kullum Renita, Renita!"

"Da kin tambaye ni, da kin ji abin da na rubuta miki a wasiyyata," in ji Nana. "Ajiye min makullina a kan tebur. In kin shirya neman gafara, ki ƙwanƙwasa kamar baƙuwa."

*

Renita ta sami Cedric zaune a matakalar waje, kansa a sunkuye. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannu a gwiwarsa.

"Cedric... na zalunce ka. A gaban kowa na..."

"Tsaya tukuna." Bai yarda sun haɗa ido ba. "Kar ki nemi gafarata sai kin ji sauran."

Ta juyo ta dube shi.

"Wane saura?"

"Pruitt bai san Shavonne ba sai da wasiƙunsa suka fara zuwa gidan nan, ta tsinci ɗaya ta kira shi. Kin san inda ya samo adireshin?" Ya ja numfashi. "Jerin da na rubuta ne, shekara biyu da suka wuce. Na sayar kafin in san ki. Daga hannu zuwa hannu har ya kai gare shi. Tun Lahadi nake zargin haka, jiya na tabbatar."

Ta janye hannunta daga gwiwarsa.

"Da ka yi shiru, da har abada ba zan sani ba."

"Shi ya sa na faɗa. Ba zan aure ki da wannan a cikina ba."

Ta daɗe tana kallon titi. Wata mota ta wuce a hankali, ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Akwai wani abin kuma?"

"Babu. Na rantse da Ubangiji."

"Dube ni ka faɗa."

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa jawur.

"Babu, abar ƙaunata."

Tagar kicin ta buɗe a bayansu.

"Kai, kafinta!"

Ya zabura ya miƙe.

"Na'am, Mis Odessa!"

"Na ji duk abin da ka ce, kunnena bai mutu ba. Mai ƙarya ba ya tona kansa haka. Hawa na uku babu kowa, in kuna so. Amma sai Fasto ya ɗaura, ban yarda da zaman banza ba. Kuma ka daina ce min Mis. Nana ake ce min a gidan nan."

Ta rufe tagar garam.

Cedric ya tsaya baki buɗe. Renita ta share hawaye, dariya na neman ƙwace mata.

"Kar ka yi saurin murna. Rabi na yafe maka."

"Sauran rabin fa?"

Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa ƙofa.

"Sai ka zauna a gidan nan shekara hamsin ina sa maka ido."